"SISTA, YARONA BA YA CIN ABINCI": DARASI A KAN YARA DA KAYAN ƘWALAM

Gabatarwa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da ke cikin kowane gida, na mai hali da na talaka, wato kayan ƙwalam da maƙulashe da yaranmu suka fifita a kan tuwo da miya, da kuma hanyoyin da za mu bi mu juyo da hankalinsu ga abincin da zai gina musu jiki.

A shekarun da na yi ina aikin jinya da ungozomanci, babu ƙorafin da na fi ji daga bakin iyaye kamar wannan: "Sista, yarona ba ya cin abinci, a rubuta mana maganin cin abinci." Kwanakin baya wata baiwar Allah ta kawo ɗanta mai shekara 4 da wannan magana. Muna cikin zance sai na lura yaron yana riƙe da ledar biskit a hannu ɗaya, robar lemo a ɗaya hannun. Na ce mata ta lissafa mini abin da ya shiga bakinsa tun safe. Ta ce shayi da biredi, sai biskit biyu a hanya, sai alewar da kawunsa ya ba shi, sai wannan lemon. Da na duba cikin fatar idonsa da tafin hannunsa sai na ga sun yi fari, haƙoransa biyu na gaba kuma sun fara baƙi daga gindi. Gwajin da likita ya sa aka yi ya nuna jininsa ya yi ƙasa. To kin ga wannan yaro yana ci, bakinsa ma ba ya hutawa. Matsalar ita ce abin da yake ci ciki kawai yake cikawa, jiki bai samun rabonsa.

Abin da nake so ki riƙe daga wannan darasi shi ne, harshen yaro horar da shi ake yi. Abin da ya saba gani a kwanon gidansu, da abin da ya ga manya suna ci, shi zai miƙa wa hannu ranar da ya tsaya shi kaɗai gaban mai tebur a ƙofar makaranta. Wannan horo aikinmu ne mu iyaye, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

1. Me ake nufi da kayan ƙwalam?

Su ne abinci ko abin sha da aka cika wa sukari, ko gishiri, ko mai, alhali sinadaran da ke gina jiki da kare shi kaɗan ne a cikinsu ko ma babu. Misalansu sun haɗa da:

(a) Masu zaƙi: alewa, minti, cingam, cakulan, biskit, kek da askirim.
(b) Na sha: lemon kwalba, lemon roba, lemon kwali, garin lemo da ake jiƙawa, da ƙanƙarar leda mai launi.
(c) Masu gishiri da mai: soye-soyen leda masu ƙaras-ƙaras, da taliyar leda mai dahuwa cikin minti uku idan aka dafa ta tsurarta.

Kada mu ɗora laifin duka a kan kayan kanti. Cincin, fanke, dubulan, tuwon madara da gullisuwa da muke yi da hannunmu su ma suna cikin wannan sahu. Haka zoɓo ko kunun aya da aka zuba wa sukari har cokali ya kusa tsayawa, bambancinsa da lemon kwalba kaɗan ne.

2. Me jikin yaro yake buƙata?

Don sauƙin fahimta mukan raba abinci gida uku:

(a) Masu ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, alkama, doya, rogo, dankali, man gyaɗa da manja.
(b) Masu gina jiki: wake, waken suya, gyaɗa, riɗi, ƙwai, kifi, nama, hanta, nono da madara.
(c) Masu kare jiki daga cututtuka: zogale, alayyafo, rama, kuka, kuɓewa, kabewa, karas, tumatir, mangwaro, gwanda, gwaiba, lemon zaƙi, ayaba da kankana.

Cikakken abinci shi ne wanda ya haɗa wani abu daga kowane gida cikin ukun nan. Tuwon dawa da miyar kuka da aka daka wa busasshen kifi ya cika wannan sharaɗi. Haka ɗanwake da ƙwai da tumatir, ko faten tsaki da rama da gyaɗa, ko shinkafa da wake da ɗan ganye a kai. Ke nan abincin da muka gada ya wadatar, matuƙar an haɗa shi yadda ya kamata.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya ci aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 zuwa sama kuma giram 400. Don ki gane awon, matsakaiciyar ayaba guda ɗaya takan kai wajen giram 100.

3. Sukari da gishiri: nawa ne ya yi yawa?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, idan kuma aka rage shi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum, kashi 5 ɗin nan ya kama wajen giram 25, wato kimanin cokalin shayi 6. Yaro kuwa, tun da jikinsa ƙarami ne, rabonsa bai kai haka ba.

Yanzu mu yi lissafi. Cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4 ne. Da yawa daga cikin lemon kwalba suna ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Ke nan ƙaramar kwalba mai mililita 350 tana da cokali 8 zuwa 9, roba mai rabin lita kuma wajen cokali 12. Babu uwar da za ta zuba wa ɗanta cokali 12 na sukari a kofi ta ce ya shanye, amma haka muke yi idan muka miƙa masa robar lemo. Saboda irin wannan damuwa ne Dokar Kuɗi ta Nijeriya ta shekarar 2021 ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, aka fara karɓa a 2022.

Ga yara 'yan wata 6 zuwa wata 23, shawarar da hukumar ta fitar a 2023 ta fi tsauri: kada a ba su lemon da aka sa wa sukari, kada kuma a ba su abincin da ya cika sukari ko gishiri.

Shi ma gishiri yana da iyaka. Babban mutum bai kamata ya kai giram 5 a rana ba, wato ƙasa kaɗan da cokalin shayi ɗaya, yaro kuma ƙasa da haka. Ki tuna dunƙule da garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliya yawancinsu gishiri ne.

4. Illolin da yawan cin kayan ƙwalam ke jawowa

(a) Toshe ci. Cikin yaro ƙarami ne. Idan biskit da lemo suka riga tuwo shiga, babu sauran wuri. Wannan shi ne asalin yawancin ƙorafin "ba ya cin abinci."

(b) Ƙarancin jini da tsumburewa. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Binciken ya kuma gano kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 suna da ƙarancin jini. Gaskiya ne talauci, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tsutsar ciki suna da babban hannu a wannan matsala. Amma a inda yara ke cikin wannan hali, duk kuɗin da ya tafi ga alewa maimakon ƙwai ko ƙosai asara ce babba. Yaro mai ƙarancin jini yakan yi saurin gajiya, ya kasa mai da hankali a aji, cuta kaɗan kuma ta kwantar da shi.

(c) Ruɓewar haƙori. Ƙwayoyin cuta da ke cikin baki suna cin sukarin da ya maƙale a haƙori, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cinye haƙorin sannu a hankali har ya yi rami. Yawan maimaitawa shi ya fi ɓarna. Yaron da ke tsotsar alewa ko kurɓar lemo tun safe har dare bai ba haƙoransa damar hutawa ba. Kada ki ce ai haƙoran nono ne za su faɗi. Su 20 ɗin nan su ke riƙe wa na dindindin wuri, kuma haƙoran tauna na dindindin na can ciki sukan fara fitowa tun yaro yana wajen shekara 6.

(d) Ƙiba marar amfani. A al'adarmu idan yaro ya yi ɓul-ɓul sai mu ce ya samu hutu. Amma yaro yana iya yin ƙiba kuma jininsa ya yi ƙasa a lokaci guda. Yaron da ya tashi da ƙiba mai yawa yakan ɗore da ita har girma, ita kuwa tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari, hawan jini da ciwon zuciya.

(e) Ciwon ciki da gudawa. Ƙanƙarar leda da lemon da ba ki san da wane ruwa aka haɗa su ba, da soye-soyen da ƙuda ke sauka a kai, hanya ce ta kamuwa da gudawa, taifot da kwalara.

(f) Bushewar ciki. Rashin cin ganye, wake da 'ya'yan itatuwa, haɗe da ƙarancin shan ruwa, yakan sa yaro ya riƙa wahala wajen bayan gida.

Abin lura: zaƙi ba ya haifar da tsutsar ciki. Ƙwan tsutsa yana shiga ne ta ƙazamin hannu, ƙasa, da abincin da ba a wanke ba. Don haka kada a ɗura wa yaro jiƙe-jiƙe masu ɗaci da sunan maganin zaƙi. A rage masa zaƙin, a wanke masa hannu da sabulu, a karɓi maganin tsutsa a asibiti.

5. Me ya sa yara suke son waɗannan abubuwa?

Da son zaƙi ake haihuwar kowane yaro, domin nonon uwa ma yana da ɗan zaƙi. Haka kuma yara sukan ƙi abu mai ɗaci ko bauri, sukan kuma yi ɗari-ɗari da abincin da ba su sani ba, musamman daga shekara 2 zuwa 6. Wannan ba taurin kai ba ne, halitta ce. Masu sana'anta kayan ƙwalam sun san haka, shi ya sa suke yi musu leda mai launi da zanen 'yan tsana, suna tallarsu a talabijin da wayar hannu, suna kuma ƙulla su ƙanana yadda kuɗin yaro zai iya saye. Sannan mu kanmu muna taimakawa. Yaro ya yi kuka, alewa. Za mu fita unguwa ba ma so ya biyo mu, biskit. Baƙo ya zo, tsarabarsa minti. A hankali sai yaro ya ɗauka zaƙi shi ne alamar ƙauna.

6. Hanyoyin da za ki bi

(1) Ki fara tun yana jariri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nonon uwa zalla har wata 6, sannan a fara ƙarin abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kada ki sa sukari a kokon jariri. Ki dama shi da kauri, ki sa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin waken suya, ko ki murƙushe masa ayaba a ciki. Kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai shanye jikin jarirai.

(2) Kada ki gaji da gwadawa. Yaro yakan buƙaci a gabatar masa da sabon abinci sau 10 ko fiye kafin ya karɓa. Idan ya tofar da kabewa yau, kada ki yanke hukuncin ba ya so. Ki bari kwana biyu ki sake kawowa, ɗan kaɗan, kusa da abin da ya riga ya sani. Ki kuma sauya dahuwa: wanda ya ƙi zogale a miya yana iya cin kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli.

(3) Ki ci a gabansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba zai yiwu ki ce masa ya sha ruwa ke kuma kina saukar da abincinki da lemon kwalba ba. Ku zauna ku ci tare, a kashe talabijin, a ajiye waya. Idan ƙananan yara suna ci a kwano ɗaya da manyansu, a zuba wa ƙaramin nasa daban don ki ga iya abin da ya ci.

(4) Abin da ke gida shi ake ci. Idan akwai katan na biskit a ɗaki, kullum sai kin yi faɗa. Idan babu, babu rigima. Ki ajiye abin da kike so ya ci a inda idonsa zai gani: yankakkiyar kankana, karas, dafaffen dankali, dabino.

(5) Ki tsayar da lokacin ci. Abinci sau uku, da ɗan abin taɓawa sau biyu, ɗaya da hantsi ɗaya da la'asar. Tsakaninsu ruwa kawai. Ke za ki yanke abin da za a ci da lokacin da za a ci, shi kuma ki bar masa yawan da zai ci. Idan ya ƙi, ki ɗauke kwanon ba tare da faɗa ba, kada kuma ki maye masa da biskit. Lafiyayyen yaro idan yunwa ta kama shi zai ci. Ɗura da duka ba sa koya wa yaro son abinci, ɗura ma tana iya sa abinci ya bi ta hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu ko abin da ya fi haka muni.

(6) Ki ba shi zaɓi tsakanin abu biyu masu kyau. Kada ki tambaye shi "Me za ka ci?" domin kin san amsar. Ki ce, "Gwanda kake so ko lemon zaƙi?" "Ƙosai ko alale?" Yaro yana son ya ji shi ya zaɓa, kuma duk wanda ya ɗauka kin ci riba.

(7) Ki sa shi cikin aikin. Ki tafi da shi wurin mai kayan miya ya zaɓo tumatir da karas. Ki ba ta zogale ta tsinke, ki ba shi wake ya tsince. Idan akwai ɗan fili ko tsohon bokiti, ku shuka alayyafo ya riƙa ba shi ruwa. Yaro ba ya cika ƙin abin da hannunsa ya taɓa.

(8) Kada alewa ta zama lada ko toshiyar baki. Duk ranar da kika ce "Cinye tuwonka in ba ka alewa," kin koya masa cewa tuwo wahala ne, alewa ce biyan buƙata. Ki saka masa da yabo, da tatsuniya, da fensir mai launi, ko zuwa gidan kaka.

(9) Ki kula da karin kumallo da kuɗin tara. Yaron da ya fita da yunwa duk abin da ya fara gani zai saya. Ki ba shi koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwo, ko kunun gyaɗa kafin ya fita. Shayi da biredi tsura ba ya riƙe ciki, ganyen shayi kuma yana rage wa jiki iya tsotsar sinadarin ayon, wanda da shi ake haɗa jini. Idan da hali ki zuba masa abinci a kula ya tafi da shi tare da gorar ruwa. Idan kuɗi za ki ba shi, ku yi shawara tun a gida a kan abin da zai saya, kamar awara, ƙosai, dafaffen ƙwai, gyaɗa ko rogo da ƙuli. Idan ya dawo ki tambaye shi cikin raha, domin idan duka zai sha gobe ƙarya zai yi miki. A taron iyaye da malamai kuma ku tayar da maganar abin da ake sayarwa a ƙofar makaranta.

(10) Ruwa shi ne abin sha. Bayansa sai nono ko madara marar sukari. Idan za ki yi zoɓo ko kunun aya, ki riƙa rage sukarin kaɗan-kaɗan duk mako har harshensu ya saba. Ba wa yaro lemon zaƙi ya sha da tsokarsa ya fi a matse masa ruwan. Lemon ƙara kuzari kuwa, wanda samari ke sha, yana da sinadarin da ke hana barci da sa bugun zuciya, bai dace da yara ba ko kaɗan.

(11) Ki gyara abin da ya riga ya saba da shi. Idan taliyar leda ta zama abincinsa, kada ki yanke rana ɗaya. Ki sa rabin garin ɗanɗanon kawai, ki fasa ƙwai, ki yanka karas, kabeji ko alayyafo a ciki, sannan ki rage yawan kwanakin da ake dafa ta.

(12) Kada ki haramta gaba ɗaya. Abin da aka hana yaro kwata-kwata shi ya fi ƙwallafa rai a kai, har ya koma ci a ɓoye. Ranar salla, suna ko biki, a bar shi ya ɗan taɓa. Abin da ya fi shi ne ya ci bayan abinci, ya kurkure baki. A goge haƙora safe da dare da man goge baki mai sinadarin fuloraid, kamar ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar wake ga ɗan shekara 3 zuwa 6.

7. Kira ga maigida da kakanni

Maigida, wannan aiki ba na uwargida kaɗai ba ne. Ledar da kake shigowa da ita da daddare ita yara suke jira, don haka kai ne babban malaminsu. Ka lissafa abin da kake kashewa a lemo da biskit a mako guda, ka kwatanta da ƙwai nawa ko ayaba nawa kuɗin zai saya. Ka bi lokacin da kaya suke araha: mangwaro da bazara, ganyaye da damina, karas da lemon zaƙi lokacin sanyi. Idan za ka sayi abin leda ko na kwali, ka duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Ka kuma duba jerin kayan haɗin, domin wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Idan sukari ne na farko ko na biyu, ka san abin da ka saya.

Iyayenmu kakanni, mun san son jika ne ke sa ku ɓoye musu alewa a gefen zane. Muna roƙo da ladabi a mai da tsarabar ta zama dabino, aya, goruba, magarya ko gwaiba. Ke kuma 'yar'uwa, ki yi wannan bayani ga surukarki cikin girmamawa, ko ki bar maigida ya yi.

A kula: kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko aya guda-guda, ko alewa mai tauri, saboda shaƙewa. A niƙa masa. A kuma zubar da duk gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, domin tana ɗauke da guba mai lalata hanta.

8. Garin kunu mai gina jiki

Ga wani haɗi mai sauƙi da muke koya wa iyaye. Ki auna gwangwani 6 na gero, dawa ko masara, gwangwani 3 na waken suya, da gwangwani 1 na gyaɗa. Ki tsince, ki wanke, ki shanya su bushe sarai. Ki soya kowanne daban sama-sama ba tare da mai ba, ki cire ɓawon waken suya da na gyaɗa, ki haɗa a niƙo, ki adana a mazubi mai murfi. Ki riƙa dama kunu mai kauri da shi, ki dafa ya nuna. Ya dace da yaro daga wata 6, kuma 'yan makaranta ma za su karya da shi.

9. Yaushe za a kawo yaro asibiti?

Ki kawo shi ba tare da jinkiri ba idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

(a) Cikin ido, harshe ko tafin hannu sun yi fari, ko yana yawan cin ƙasa.
(b) Yana ramewa, ko nauyinsa a katin awo ya tsaya ko yana sauka.
(c) Ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zubewa.
(d) Ƙin cin abinci tare da zazzaɓi, amai, gudawa ko ƙurajen baki.
(e) Yawan ƙishirwa da yawan fitsari tare da rama. Wannan yana iya zama ciwon sukari irin na yara, wanda ba shan zaƙi ke kawo shi ba, kuma yana buƙatar kulawar gaggawa.
(f) Ciwon haƙori, rami a haƙori ko kumburin dasashi.

Kada ki sayi maganin cin abinci ko na ƙiba a kyamis ba da izinin likita ba. Wasu suna sa yaro barci da kasala, wasu kuma kumbura shi suke yi su raunana garkuwar jikinsa.

Kammalawa

Ga ɗan aikin gida. Daga gobe har kwana bakwai, ki rubuta ko ki riƙe a ka duk abin da yaronki ya ci da wanda ya sha, har da na hanya da na maƙwabta. Sannan ki zaɓi abu ɗaya tak ki sauya, misali ruwa a madadin lemo lokacin cin abinci. Idan wannan ya zauna, ki ɗauki na biyu. Kwanakin farko za a yi kuka da birgima, ki daure, sannu ba ta hana zuwa.

Ita baiwar Allahn da na ba ku labari haka ta yi. Likita ya rubuta wa yaron maganin ƙarin jini da na tsutsa, aka tura shi sashen haƙori, ita kuma ta daina sayen biskit a hanya, ta koma dama masa kunun gyaɗa da safe. Da ta dawo bayan wata biyu jininsa ya hau, ta ce yanzu shi ke tambayar ko tuwo ya nuna. Haƙoran da suka riga suka ci kuwa ba su dawo ba, shi ya sa muke cewa rigakafi ya fi magani.

Duk mai tambaya tana iya samunmu a sashen awon ciki ko na rigakafin yara, ta zo da katin awon yaronta. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu lafiya mai amfani.